Tafin Hannun Kaka a Bangon Zaure

Ƙamshin makuba na ji a kasuwar Illo jiya, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Sorayen gidanmu mahaifin mijinta ne ya gina su da ribar fatauci, azara ta giginya, bango mai kauri kamar ganuwa. Duk ƙarshen damina kakata kan kwaɓa ƙasa da makuba ta yaɓe zaure da kanta. Wata shekara ta danna tafinta a ɗanyen yaɓe, ta kama nawa ta danna kusa da shi. Har yau ina jin sanyin ƙasar. Ta ce, "Jikalle, gidan da hannu ya bar taɓawa ya zama kushewa."

Yanzu an mai da gidan namu gidan tarihi, an gitta igiya gaban bangon. Daga kasuwa can na nufa. Mai gadi ya ce, "Hajiya, ba a taɓawa."

Na ce, "Malam, ƙaramin tafin nan nawa ne."

Na ƙetare igiyar, na ɗora hannuna cikin nata. Ya zauna daram.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka. Ya ba ni tsawon rai in yi ta ƙetare igiyarsu.