Koren Ƙyalƙyali a Cikin Biskit

Shekara biyu na yi ina jera biskit a leda a wani kamfani da ke Sharaɗa. Dokar wurin ita ce mu rufe kai da hular raga, mu ɗaura takunkumi, mu zura safar hannu, ba abin da ake gani a jikin mace sai idanu. Janbaki bai da amfani, hoda kuma zufa ke wanke ta kafin ƙarfe goma. Don haka duk mai son a san da zamanta, a fatar ido take zuba ƙarfinta.

Gwanar wannan aiki ita ce shugabar layinmu, wadda muke kira Anti. Motar kamfani ɗaya ke kwaso mu daga Panshekara, kuma tun a hanya take buɗe akwatin shadonta, kwalliyar fatar ido, mai gida goma sha biyu, ta ɗora a cinya. Sai ta fara shafa mai haske, ta bi gefen ido da mai duhu, ta yi ta murzawa da ɗan buroshi tana taɓe baki, sannan ta dangwali koren nan mai ƙyalƙyali da yatsa ta lafta a tsakiya. Idan ta lumshe ido sai ka ce bayan ƙudan bola. An hana duk wani abu mai ƙyalƙyali kusa da biskit, kuma ita ce mai karanta mana dokar kowace Litinin, da koren a fuskarta, ko kunya babu. Haushinta nake ji har cikin raina, amma ni ce mai riƙe mata madubi idan mota ta shiga gargada.

A gefena wata dattijuwa ce ke aiki, mutuniyar wani ƙauye a Jigawa, muna ce mata Iya. Mijinta ya rasu, da wannan aikin take riƙe da jikoki uku. Ita ba ta san shado ba. Kwalli take zizarawa daga wani tsohon tandu da take ɗaurewa a bakin zane, baƙi wuluk, wai yana rage mata raɗaɗin garin fulawa.

Wata Laraba da hantsi aka dawo da kwali guda daga kasuwa. Mai shago ya tarar da ɗigo-ɗigon kore yana walƙiya a kan biskit. Labari na shigowa Anti ta tuna da alwala. Matar da sai an kusa kiran La'asar take lallaɓawa ta yi Azahar, ita ce yau a bakin famfo tun rana ba ta take ba, tana dirzar ido da sabulu. Ta dawo fuska fayau.

Manaja ya sauko ya jera mu, ya ce kowa ta ɗaga kai. Mutum ne mai takardu, yana iya gaya maka zafin tanda daidai wa daida, amma bai san bambancin kwalli da shado ba, kuma girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba.

"Wace ce ke shigo mana da kwalliyar ido?" in ji shi.

Anti ta sassauta murya. "Yallaɓai, na sha yi wa Iya magana a kan tandun nan nata."

Ya dubi idon Iya, ya ga baƙi rangaɗau, ya gyaɗa kai kamar ya gano wani abu.

Iya ta ce, "Ranka ya daɗe, kwalli ai baƙi ne. Ku duba abin da ke kan biskit ɗin."

"Kwalliya duk kwalliya ce, Iya," ya ce, yana duban agogo.

Mu goma sha ɗaya ne a layin, mata zalla, ko yarinyar goye ta san kwalli ba ya kore. Amma Anti ce ke rubuta wadda za a kira aiki mako mai zuwa da wadda za ta zauna a gida. Muka sunkuyar da kai muna kallon takalmanmu. A ranar takunkumi ya yi mana rana, ba wanda ya ga bakin da ya ƙi buɗuwa.

Nan take aka sallami Iya. Ta cire hular raga da safar hannu ta ninke su tsaf, ta ajiye a kan tebur. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya.

"'Yar nan, ke ce fa mai riƙe mata madubi," ta ce a hankali. Sannan ta fita.

Na daɗe ina raina Anti, na raina manaja da takardunsa, kuma har yau ban fasa ba. Sai dai akwai wadda na fi rainawa. Ranar Litinin a mota Anti ta buɗe akwatinta, ta tsallake koren, ta dangwali shuɗi mai ƙyalƙyali. Ta juyo ta lumshe mini ido.

"Ya kika gani?"

Na gyara riƙon madubin na ce, "Anti, wallahi ya yi miki kyau."