Ratsen Gaida Alhaji

Jiya wata kamiyo, babbar motar kaya, ta ja birki a gangaren bayan gidanmu, ƙaurin ƙonewa ya shigo ta taga. Sai na ajiye cokalina. Ni dai wannan ƙauri ba ya barina in ci abinci, kuma bari in faɗa maka dalili.

Ina yarinya a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon a Faransa, Baba ya sayi wata tsohuwar kamfin-kar, irin motar nan mai gado da murhu da bayi a ciki. Girmanta kamar ɗaki. Ran Lahadi yakan wanke ta, yana cewa wata rana da ita za mu shiga Damagaram. Inna kuwa takan ce ta fara kai mu kasuwa tukuna.

A wata bazara Kaka, mahaifiyar Inna, ta zo Paris aikin ido. Ta sauka wurin Kawu, mai aikin dako a kasuwar Rungis. Lokotoro ya hana ta doguwar tafiya, Baba kuma bai samu hutu a izin ɗinsu, wato masana'antarsu ta Saint-Fons, ba sai a ƙarshen zamanta. Jirgin komawarta ran Lahadi da azahar. Tun kafin a haife ni rabon Inna da uwarta. Inna ta yi lalle, ta yi dambu cike da kwano, ta naɗe wani farin mayafi da ta saya mata.

Da safiyar Asabar Baba ya shimfiɗa taswira a kan teburin motar. Hanya biyu ce. Ga otorut, babbar hanya miƙaƙƙiya, kafin la'asar mun isa. Ga kuma wata siririya da ta kutsa cikin tuddan Morvan, inda wani Alhaji yake zaune yana sayen raguna wurin manoma don babbar Salla. Shi ne ya ba Baba masauki lokacin da ya fara zuwa Faransa.

"Malam, mu bi otorut," in ji Inna. "A dawowa sai mu gaishe shi."

"In ya ji mun wuce ta ƙasarsa ba mu tsaya ba, da wane ido zan dube shi? Zumunta a ƙafa take."

Inna ta ɗauki kwanon dambunta. Ita ma zumuntar ce ta fito da ita, amma ba a lissafa tata ba.

Hanyar ta yi ta murɗewa kamar hanji. A hawa motar tana nishi, ƙananan motoci sun yi jerin gwano a bayanmu suna danna oda. A wani ƙauye muka tarar da gadar da tsayin motarmu ya hana mu bi ta ƙarƙashinta, sai da Baba ya koma da baya har bakin coci. Alhaji ya tarbe mu da fara'a, ya ce ba za mu tashi ba sai an yanka kaza. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka yi shayi har zagaye na uku. Inna tana zaune da mayafin a cinyarta, tana duban rana.

A gangaren da ya biyo baya Baba ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba. Ƙaurin nan ya cika motar, sannan birkin ya saki. Allah ya kiyaye, Baba ya cusa mu cikin wani shingen gona. Ba wanda ya ji ciwo, amma ƙafar motar ta gaba ta lanƙwashe. Garejin ƙauyen a rufe, mai shi ya tafi hutun Agusta. Ran Lahadi kuwa ko bas ba ta bi ta nan.

Washegari da hantsi Kawu ya kira daga filin jirgi. Inna ta fita da wayar cikin gonar, shanu suna kallonta. Na ji tana cewa, "Ba komai, Iya, sai wani jiƙon." Ta dawo ta zubar da dambun, don ya riga ya yi tsami. Kafin damina ta zagayo Kaka ta rasu.

Baba bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ƙaddara kawai yake kira. Na daɗe ina jin haushinsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau da saura. Inna ba ta sake taka motar ba har aka sayar da ita.

Yanzu waya ce ke zaɓa wa mutane hanya, ba ta san gidan kowa ba, ba ta jin kunyar kowa. Bara na haɗu da Alhajin a wani suna a Lyon, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gane ni, ya riƙe hannuna, ya ce mahaifina mutumin kirki ne, abu ɗaya kawai yake riƙe da shi a rai: ranar da muka zo, mun ƙi kwana.

Inna tana gefena. Da farin mayafin nan ta zo sunan.