Wanda Yake Shayar da Bulonmu

Kawu, ranar Laraba da safe na shiga filin buga bulo, na tarar da bugun jiya a bushe ƙayau, tiyo a naɗe a gindin tanki. Tunda na fara aiki a nan ban taɓa ganin haka ba. Ina tsaye ina kallo sai ga ɗanka ya shigo ba ko takalmi. Bai buɗe baki ba na gane. Daga Allah muke, Kawu, kuma ga shi ka riga mu komawa.

Kai ka koya mini riƙon shebur. Ranar da na fara kwaɓi, ka leƙa ka ce, "Ɗana, wannan gini za a yi da shi ko wankan jariri?" Kowa ya yi dariya, kai kuma ka karɓa ka gyara, ka bar ni na buga a matsayin nawa.

A da kuɗin yini ake ba mu, kowa daidai. Bara maigida ya ce daga yau kowa gwargwadon bulon da ya buga. Mu samari muka yi murna. Kai kuwa ƙarfinka ya fara ja baya, layinka ya zama mafi gajarta, ladanka ma haka. Amma bulo ba ya ƙwari sai an yi ta ba shi ruwa, shi kuwa ban ruwa ba a sa shi a lissafi ba. Kai kake sammako ka shayar da na kowa, layi bayan layi, kafin ka taɓa naka. Mu da muke zuwa mu tarar da su a jiƙe, muna ta ɗaga kafaɗa wai mun fi ka sauri.

Na taɓa ce maka mu je mu yi wa maigida magana. Ka ce, "Bari dai ɗinkin sallar nan na yara ya wuce." Ɗinki ya wuce, haya ta zo, maganar ba ta yiwu ba. Abin da yake ci mini rai ke nan.

Bayan kwana uku da rasuwarka maigida ya zo, ya ɗaga bulo ɗaya ya ruguje a hannunsa. Ya tambayi wa yake ban ruwa. Muka faɗa masa. Sai ya ce ladan ban ruwanka tun daga bara zai kai wa iyalinka.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana aiki. Inna, uwargidan Kawu, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri. Wannan alkawari haƙƙinku ne, ba sadaka ba. Kuma ba ni kaɗai na ji ba: direban tifa yana wurin, mai gadi yana wurin, ƙanin maigida ma yana tsaye.