Allo na Goma Sha Bakwai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, tara ga Safar 1394, bayan sallar la'asar, Mastura ta aiko mini cewa babanta, Abdulwahid mai fentin jiragen ruwa, ya cika a ɗakinsa na unguwar Balad, a Jidda.

Abdulwahid, shekara ashirin da uku ke nan da muka taso daga tashar Sawakin ta Sudan a jirgin katako ɗaya, mu arba'in, iska ta kife mu ana hango Jidda. Mutum goma sha bakwai ba su fito ba. Ni na tsara musu waƙa, kowa da baitinsa, don ba su da kabarin da za a ziyarta. Kai ba ka iya karatu ba, sai ka riƙa zuwa shagona kana cewa, "Na'ibi, yalla, maimaita mini." Ka koma ka zana hoton abin da baitin ya faɗa a kan murfin akwatin shayi, da ragowar fentin da ka kankaro daga gwangwanaye a bakin tasha.

Ba ka taɓa zana mutum ba, don gudun haramun. Igiyar ruwa kake yi baƙa ƙirin, da jirgi a karkace, sannan wani abu na mamacin yana yawo a saman ruwa: jar hular Ubale, ko ƙwaryar Inna A'i. Duk allon da ka gama, ka kai wa dangin mamacin kyauta. Na ga ɗan Ubale, ƙato mai gemu, ya rungume katako yana kuka. Nakan tsokane ka in ce jiragen mutane kake shafawa da safe, ka nutsar da su da yamma. Sai ka yi dariya ka zuba mini shayi.

Goma sha shida ka yi. Na sha bakwai na matarka Bashira ne, inda na ce teku ta fizge ta daga hannun mijinta. Duk sanda na kawo nan sai ka ce, "Halas, tsaya." Na ɗauka kewa ce. Sai bara ka gaya mini gaskiya: "Ya shekh, ba teku ba ce. Hannu biyu gare ni, ɗaya na riƙe da Mastura, ɗaya da uwarta, ga katako yana wucewa. Ni na saki uwarta, na kama katakon." Na ce ita ma abin da za ta zaɓa ke nan. Amma na ji tsoron za ka tafi ba ka yafe wa kanka ba.

Jiya Mastura ta ɗauko wani allo daga bayan tabarmarka, fentinsa ko gama bushewa bai yi ba. Teku a kwance lumui, jirgin ya iso gaɓa lafiya lau, ga shuɗin zanen ɗaurawar Bashira an shanya a igiya. Ta tambaye ni, "Baffa, wane baiti ne wannan?" Na ce ban rubuta shi ba tukuna.

Allah Ya jiƙanka, abokina, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Ya ba Mastura da 'ya'yanta da ƙanwarka Turai haƙurin rashinka. Ya sada ka da Bashira a Aljanna, ka kama hannunta inda babu abin da zai sa ka sake shi. Amin.