Cajar da Na Zare da Ƙafata

Edita, ni matashi ne mai gyaran kwamfuta a Fagge, kuma ban iya mantuwa ba. Akwai wani ɗan baffana da muke buga wasan harbe-harbe na kwamfuta tare. Ranar da ya cinye ni a gaban 'yan majalisarmu, sai ya ce laftof ɗina injin markaɗe ce, saboda ƙarar fankarta. Aka kwashe da dariya, sunan Mai Markaɗe ya bi ni, har yarinyar da nake nema ta fara kirana da shi. Na yi murmushi, amma wallahi na ƙulla shi a raina.

Bayan wata biyar wata ƙungiya ta ɗauke shi zai buga mata gasa. Ya sayar da babur ɗinsa don ya sayi laftof ta wasa, ya ce in raka shi Sabon Gari tunda ni na san kan abin. Na ce a raina, kura ta zo gidan mafarauci. A wani shago muka tarar da guda biyu masu kati iri ɗaya, wato na'urar da ke zana hoton wasa. Ɗaya mai kauri ce, tana ba katin wuta sosai. Ɗayar siririya, kyan ɗan maciji, na san ba ta jure zafi. Mai shagon ya jera su, ya kunna wasa ɗaya a duka biyun don mu ga wadda hotonta ya fi gudu. Abin da ɗan uwana bai sani ba, irin waɗannan na'urori suna rage ƙarfi da zarar an cire musu caja. Na sa babban yatsan ƙafata na sassauta cajar mai kaurin a ƙarƙashin tebur. Nan take hotonta ya fara ɗingishi. Mai shagon ya yi mamaki, ya ce a sake gwadawa. Na raɗa wa ɗan uwana cewa kwantai yake so ya liƙa masa. Ya ɗauki siririyar, har yana yi mini godiya.

Ranar gasa, cikin zafin Kano, laftof ɗin ta ɗau zafi, hoto ya riƙa daskarewa ana tsakiyar harbi. Ƙungiyarsu ta faɗi, suka cire shi. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ranar malmala uku na ci, ina cewa gwara injin markaɗe da farantin suya.

Kwana biyu sai ga shi a shagona a ƙafa, ba babur, da laftof a hammata. Ya ce in duba masa, don duk Kano ni kaɗai ya yarda da shi. Ya kuma nemi afuwa kan sunan nan, ya ce wasa ne ya yi yawa.

Abin da na koya shi ne ramuwa daɗinta na yini ɗaya ne, nauyinta kuwa ba ya sauka. Mai sayen irin wannan na'ura, ka duba da idonka cewa duka biyun suna jone da wuta, ka kuma duba zuciyar wanda ya raka ka. Laftof ɗin tana kan teburina har yau. Duk Juma'a yakan leƙo ya tambaye ni ko na gano matsalar, ni kuma in ce masa ina kan dubawa.