Ɗan Farin da Saniya ta Harba

Duk tsufan nan nawa, ban manta da ranar da aka kawo mana Buba daga wata ruga ta wajen Gashua ba, yaro ɗan shekara huɗu da saniya ta harba a ka. Tsakiyar shekarun tamanin ne, ina nas mai ba da maganin barci a wani asibiti a Nguru. Jini ya taru masa a ƙoƙon kai, ga Maiduguri ba nan kusa ba. Likitanmu ya yi shahada, ya huda ƙashin ya fitar da jinin.

Ku yaran yanzu da ke wannan aiki gani kuke da an ɗinke an gama. Ina! Farkawa ita ce aikin. Maganinmu na lokacin yakan sa yaro ya tashi a firgice, yana gane-gane yana fizge-fizge, wanda aka taɓa wa kai kuwa yunƙuri kaɗan sai jini ya ɓalle. Ƙarin allura babu hali, don likita na son ganin ko hankalinsa na dawowa. Abin da ya rage mana shi ne ɗaki shiru, haske kaɗan, da muryar da yaron ya sani.

Na sa aka shigo da uwarsa, surukinta, wani tsoho, na biye. Ta raɓe a bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Buba ya fara gurnani, hannunsa na neman bandeji.

Na ce, "Baiwar Allah, matso ki riƙe shi, ki yi masa magana."

Ko gezau. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya. Sai tsohon ya ce, "Malam, ɗan farinta ne. Ba ta taɓa shi a gaban mutane. Kakarsa ke yi, ita kuma tana ruga."

"To Baba, ku ɗan ba mu wuri."

Ya fita. Har yanzu ba ta motsa ba. Ashe ni ma mutane ne.

Dokar aikinmu ita ce ba a ɗauke ido daga mai farkawa. Amma yaron ya soma banƙarewa. Na ja labule, na zauna a ƙasa ta bayansa, na zura hannu na kama ƙafar Buba ina jin bugun jininsa. Idan jini ya ɓalle ban gani ba, ni ne a ciki.

Can na ji takunta, sannan Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ƙafar da ke shure-shure a hannuna ta yi ta lafawa har ta kwanta. Da na ji ya ce "Inna", ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Tun daga ranar, kafin in sa wa yaro maganin barci sai na tambayi wa ke rarrashinsa, kuma a gaban wa ba ya iyawa. Uwar da kuka ga ta tsaya nesa, kada ku yi saurin cewa ba ta damu ba. Wataƙila ku ne kuka tare mata hanya.