Sukarin da Ban Kai Bhalil Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, daidai da 12 ga Sha'aban, bayan la'asar kaɗan, ina wani gida a unguwar Irving Park, a nan Greensboro ta Amurka, ina ba tsohuwar da nake kula da ita magani, sai wayata ta yi ƙara. Mohammed-Awal ne, babban ɗanka. Bai iya haɗa maganar ba, amma na gane. Baba Imoro, ciwon ƙodar da ka yi shekara huɗu kana fama da shi ya zama ajalinka. Washegari bayan azahar aka yi maka sutura, ana yayyafi mai sanyi.

Mutane da yawa sun yi rubutu a kanka cikin kwanakin nan, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni kuwa Khadijah, da ka riƙe tamkar 'yar cikinka tun da mahaifina, amininka na zangon Kumasi, ya rasu, na zauna rubutu da haushi fal a raina. Ina jin haushin jama'armu, ina jin haushinka kaɗan, Allah ya yafe mini, amma mafi yawan haushin na kaina ne.

Wanda ya san ka a Greensboro kawai zai ce direban motar 'yan makaranta ne mai ɗan ƙaramin gida a unguwar Glenwood, wanda ba ya wuce baƙo a tashar bas. Ni shaida ce. Lokacin da na zo garin nan ban san gabas ba ban san yamma ba, kai ka koya mini tuƙi a filin ajiye motoci na masallaci, ina taka birki kamar mai kashe kunama, kana dariya har da hawaye. Da gobara ta ci ɗakin Choji, mutumin Jos ɗin nan maƙwabcinka, wata biyu ya yi a falonka, kuma kai kake sauke shi a coci ranar Lahadi. Ba ka taɓa ba da wannan labarin ba, daga bakin Choji muka ji shi a wurin zaman makoki.

Labarin da ba ka gajiya da bayarwa shi ne na Maroko. Shekara shida ka yi kana karatu a Fas tun kana saurayi, ka dawo da ƙasar gaba ɗaya a cikin kanka. Duk wanda ya ce zai tafi ziyara, to ya shiga uku da kai. Za ka zaunar da shi ka ce kada ya tsaya daga zawiya sai kasuwa kamar wanda aka aika. Ya je Sefrou ya ga ruwan da ke zubowa daga dutse a bayan gari. Ya je Azrou ranar Talata ya ga yadda mutanen tsauni ke cin kasuwarsu. Ya leƙa gidan gashin burodi na unguwa, inda kowace mace ke aika ƙullinta da alamar gidansu, kuma mai gashi ba ya taɓa rikita na wani da na wani. In an kawo abinci a faranti ɗaya, ya ci na gabansa, kada ya kai hannu ga nama sai mai gida ya raba. In an zuba masa shayi kada ya ce ya ƙoshi. In ya shiga motar haya ya yi wa kowa sallama, kuma kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton matar mutane.

Mu kuma me muka yi? Muka sa maka suna Sarkin Ƙauye. Da ka fara sai mu riƙa zungurin juna, wani ya ce yana da shif a wurin aiki, wata ta ce za ta ɗauko yara. Saƙonninka na murya, masu minti goma da sha biyar, babu mai sauraronsu har ƙarshe. Kowace shekara mutanenmu suna zuwa ƙasar nan su dawo da akwatuna cike da jallabiya da takalma, amma ka tambaye su sunan mutum ɗaya da suka ci abinci a gidansa, sai a yi shiru. Yau ga shi an binne ka da duk abin da ka sani, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya, kuma mu ɗin nan ne muke ta cewa an yi babban rashi.

Cikin garuruwan da kake ambata babu kamar Bhalil, wani ɗan ƙauye a jikin tsauni da bai kai tafiyar awa ɗaya daga Fas ba, inda har yanzu wasu ke zaune a gidajen da aka sassaƙa cikin dutse. A can zazzaɓi ya kayar da kai kana ɗalibi, ba uwa ba uba. Wani mai gashin burodi, Sidi Abdulƙadir, ya ɗauke ka zuwa gidansa, matarsa Lalla Zuhra ta yi jinyarka wata uku. Ka ce ɗakin dutsen nan ba ya zafi da bazara, ba ya sanyi da hunturu. Ka ce matan garin suna zama a ƙofar gida suna saƙa ƙananan maɓallan jallabiya da zare da allura, kuma da su Lalla Zuhra ta sayi maganinka.

A watan Agustan bara wani tsohon abokin karatunka ya kawo maka labarin rasuwar Sidi Abdulƙadir. Ba ka da halin tafiya, domin sau uku a mako ake ɗora ka a na'urar wankin ƙoda. Da ka ji muna shirin ziyara zuwa Fas a Oktoba, mu mata biyar da mijin ɗaya daga cikinmu, sai ka kira ni gida. Ka ce Lalla Zuhra tana cikin takaba, sanye da fararen kaya kamar yadda matan can ke yi, kuma mace ce ta dace ta shiga wurinta. Ka ce a can ba a zuwa gaisuwar mutuwa hannu sake, kuma ba ambulan ɗin kuɗi ake miƙawa ba. Curin sukari ake kaiwa, dogo mai tsini, naɗe a takarda, wanda ba a fasa shi sai da guduma. Ka ce in saya ranar Alhamis, in tafi Bhalil ranar Juma'a, tunda ranar yawancin kantunan tsohon garin Fas a rufe suke, ba abin da zan rasa. Tsohuwar ba ta riƙe waya, gidan ba shi da lambar da ka sani, don haka ka ce za ka turo mini kwatance ta murya.

"Ɗiyata, wannan amana ce," ka ce. "Ki ce mata Imoro na Gana bai manta ba."

Na ce in Allah ya yarda. Kwatancen ya shigo wayata tun kafin in kai gida, minti goma sha ɗaya cif. Na saurari minti biyu na farko, na ji inda zan hau mota, na ce sauran sai na isa.

Muna Fas, ranar Alhamis na sayi sukarin, wannan kam na yi. Da na shigo da shi masauki, Oumou, 'yar Nijar ɗin da muka yi tafiya tare, ta riƙe baki. Ta ce yanzu mu da muka taso tun daga Amurka, kadon, wato kyautar, da za mu kai wa mutum shi ne sukari, abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba? Ta ce ai sai a raina mu. Ba na ɗora mata laifi, domin abin da ke raina ta faɗa. Mun zauna a ƙasar da ake auna alheri da farashinsa har mun manta cewa kowane gari da yadda ake buga ƙofarsa. Daga nan direbanmu ya kawo shawarar ya kai mu Shafshawan, garin nan mai shuɗayen bangaye da kowa ke ɗaukar hoto a cikinsa, awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa. Hutun kwana bakwai aka ba ni a wurin aiki, jirginmu kuma ranar Asabar ne. Na ce a raina tsohuwar da ba ta san ni ba, ba ta kuma san ina tafe ba, me za ta rasa? Ranar Juma'a na bi su, na yi hoto ya fi ɗari.

Sukarin ya biyo ni har Greensboro a ƙasan akwati, na tura shi bayan buhun shinkafa. Da na zo gaishe ka, na kawo maka hula da turare. Kana kwance a doguwar kujera, ka yunƙura ka zauna, ka tambaye ni ko na kai. Baba, na dubi idonka na ce na kai. Ka tambayi lafiyarta, na ce tana nan lafiya, tana gaishe ka. Ka tambaya ko ta ba ni wani abu in kawo maka, na ce a'a, sai dai addu'a. Ka ce Allah ya yi mini albarka, ka koma ka kwanta. Na fita ina murna na tsira.

Wata huɗu ka yi bayan wannan, kuma ba ka ƙara yi mini maganar Maroko ba. Na lura, amma sai na ce ciwo ne ya ci ƙarfinka. Sau nawa na tsayar da mota a ƙofar gidanka da niyyar in faɗa maka gaskiya, in na shiga sai in ɓige da tambayar ko ka sha magani. Kullum ina cewa sai ka ɗan ji sauƙi.

Ranar sadakar bakwai na ciro sukarin daga bayan shinkafa. Na yi tunanin tunda haka ake gaisuwar mutuwa a ƙasar da kake ƙauna, bari in kai wa matarka, Mama Sahadatu, ko na rage nauyin da ke kaina. Na same ta a ɗaki bayan mata sun ragu, na ajiye a gabanta. Ta dubi takardar da duk ta yamutse, ta dube ni, ba ta taɓa shi ba. Ta ce in ɗauke, ba nata ba ne, mai shi tana Bhalil.

Ta ce tun ranar da na dawo ka sani. Cikin shekara arba'in, duk wanda ka taɓa aikawa gidan can na Bhalil, Lalla Zuhra ba ta barinsa ya fito sai ta damƙa masa maɓallai cike da hannu ya kawo maka. Mama Sahadatu ta jawo wani gwangwanin alawa daga ƙarƙashin gado ta buɗe, ga su nan, ja da kore da ruwan zuma, wasu har sun kode. Ta ce ta so ta kira ni ta wanke ni tas, ka hana ta.

"Cewa ya yi in bar ki," in ji ta. "Ya ce yarinyar nan tana da kunya, da kanta za ta zo ta faɗa. Yana ta jiran ki, Khadijah."

A nan ne nake jin haushinka, Baba. Me ya hana ka zage ni? Da ka daka mini tsawa ranar, da na yi kuka na roƙe ka gafara kana da rai. Ka yi mini kyakkyawan zaton da ban cancanta ba, ka tafi ka bar ni da shi.

Da na fito na zauna a mota, na nemo saƙon nan na minti goma sha ɗaya, na saurare shi tun daga farko. Ga muryarka tana haki, tana bi da ni lungu-lungu: in sauka a dandali, in bi matakalar da ke hagun famfo, in wuce gidan gashin burodi, in tambayi matan da ke saƙa. Ka ce in cire takalmi a bakin shimfiɗa, in sumbaci kanta, in ajiye sukarin ba tare da na yi ta bayani ba, in ci kuskus ko da na ƙoshi. A minti na ƙarshe kuma ka ce in hanya ba ta yiwu ba, in faɗa maka, ba komai, matar Soumaïla, wani ɗan jama'armu, za ta tafi a Nuwamba, sai ta kai kafin tsohuwar ta fita takaba. Ashe ko ƙaryar ma ban buƙace ta ba. Matar Soumaïla ta je ta dawo ba ka aike ta ba, don kada ka tona mini asiri. Lalla Zuhra ta cire fararen kayanta a Disamba ba tare da ta ji daga yaron da ta yi jinya ba. Da na sani ƙeya ce, Baba, kuma ta zo mini a makare.

Na rubuta wannan a fili ne don waɗanda suka yi dariya tare da ni su karanta. Wanda duk yake da saƙonka a wayarsa, don Allah kada ya goge. Ya turo wa Mohammed-Awal, za mu zauna mu rubuce su ɗaya bayan ɗaya.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Imoro. Ka sanya ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya sauki baƙo, ya rufa asirin wanda ya yi masa laifi, ya Allah ka sauke shi masauki na alheri, ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka haɗa shi da Sidi Abdulƙadir a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Sahadatu, da Mohammed-Awal, da ƙanwarsa Afia, da 'yan uwa na Kumasi da Tamale, da jama'ar Glenwood Musulmi da Kirista. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Na nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai bayan Ƙaramar Salla. Ban sani ba ko zan tarar da ita da rai, shekarunta sun haura tamanin. Jiya na sayo curi na biyu a wani kanton Larabawa, na ajiye shi kusa da na farko a cikin akwati. Gaisuwar mutuwa ɗaya ka aike ni da ita, Baba, yanzu biyu zan kai mata.